Tarihin Awon Dogon Suma: Yadda Aka Koyi Jin Maganar Yaron da Ba Ya Magana

  Muna miƙa gaisuwa ta musamman ga mutanen Damargu: na Tanut da na Belbeji, na Gangara da na Olelewa, na Falanko da na Tarka, da makiyayan Tenhiya. 

Yau hirarmu a kan tarihi take. Tarihin wata tambaya ce guda ɗaya. Tambayar ita ce: in yaro ya yi dogon suma, ba ya magana, ba ya amsa kira, da me za a gane yana samun sauƙi ko ciwon ƙaruwa yake yi? Tambayar ta daɗe tana damun iyaye. Ta daɗe tana damun likitoci. Ku gyara zama, ku ji yadda aka sami amsarta.

Ƙofofi uku

Dogon suma shi ne yaro ya fita hayyacinsa ya daɗe. Yana numfashi, jikinsa da ɗumi, amma in an kira shi ba ya amsawa. In an girgiza shi ba ya farkawa. Mai barci yana tashi in an tashe shi. Mai dogon suma ba ya tashi. Dalili kuwa shi ne ƙwaƙwalwarsa ta taɓu.

A ƙasarmu ta Damargu, ta ƙofa uku wannan abu ya fi shigowa gida.

Ƙofa ta fari ita ce masassarar cizon sauro. Lokacinta ƙarshen damina ne da kaka, sa'ad da tabkuna suka cika. Yaro ya kwana biyu da zafin jiki, sai ya kama jijjiga, daga nan ya yi shiru.

Ƙofa ta biyu ita ce sanƙarau. Lokacinsa hunturu ne da bazara, sa'ad da iska take ɗauke da ƙura. Yaro ya yi zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, wuyansa ya sanƙare. In jariri ne, maɗigarsa ta kumbura. Da ruwan sama ya sauka, annobar sai ta lafa.

Ƙofa ta uku ita ce buguwar kai. Yaro ya faɗo daga kan raƙumi ko jaki ko amalanke. Doki ya harbe shi. Babur ya kaɗe shi a bakin hanya. Ya faɗa rijiya.

Ku kuma tuna da nisan hanya. Daga Tanut zuwa Damagaram, inda babban asibitin jiha yake, kusan kilomita 150 ne. Mutumin ƙauye kuwa sai ya fara kai yaronsa gidan likita na kusa, daga can a tura shi asibitin Tanut ko na Belbeji, daga can wani lokaci sai Damagaram. Yaro ɗaya zai bi ta hannun mutum uku ko huɗu. Kowannensu zai tambaya: «Yaya yake da kuka taso?» In amsar ita ce «ba ya jin daɗi» kawai, ba a faɗa masa kome ba.

Zamanin da

Tun da daɗewa mutane suka lura akwai dangantaka tsakanin kai da magana. A ƙasar Masar an sami wata tsohuwar takarda ta likitanci, wadda aka rubuta kamar shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa. A cikinta an kawo labarin raunuka 48, da yawa daga cikinsu na kai ne. Wanda ya rubuta ta ya lura cewa mutumin da ya fashe a gefen kai yana iya rasa magana, alhali harshensa lafiya lau yake. Ya kuma shawarci likita ya yi wa mai rauni tambaya, ya ga ko zai amsa.

Kakanninmu su ma suna da nasu awo. Su sa hannu a ƙirji su ji bugun zuciya. Su kai kunne kusa da hanci su ji numfashi. Su kira sunan yaro da ƙarfi. Wannan awo yana raba mai rai da wanda ya cika. Amma ba ya nuna zurfin suman. Rijiya mai gaba biyar da rijiya mai gaba talatin duk sunansu rijiya. Sai an zura igiya ake sanin bambancinsu.

Da yake ba a san abin da ke kawo ciwon ba, wasu sai su ce iskoki ne, wasu su ce sammu ne. A yi hayaƙi, a yi shafe-shafe, a ɗura wa yaro jiƙo. Ba don ƙiyayya ake yi ba, don ƙauna ake yi. Amma Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Sannu a hankali aka gano masu laifi. A shekarar 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran, yana aiki a ƙasar Aljeriya, ya ga ƙwayar masassara a cikin jinin majinyaci. A 1887 wani likita a birnin Biyana ya ga ƙwayar sanƙarau. A 1897 wani likitan Ingila mai suna Ross, yana aiki a Indiya, ya sami ƙwayar masassara a cikin cikin sauro. Babbar annobar sanƙarau ta fari da aka rubuta a Afirka ta Yamma ta tashi a arewacin Najeriya a 1905. A 1963 wani likita mai suna Lapeyssonnie ya zana taswirar ƙasashen da sanƙarau yake zagayowa cikinsu shekara bayan shekara. Nijar tana tsakiyarsu.

To, an san ciwon, an fara samun magani. Amma igiyar auna zurfin suma har lokacin babu ita. Ko a manyan asibitocin Turai, kowane likita da kalmarsa. Na safe ya rubuta «ya yi nauyi». Na yamma ya rubuta «yana magagi». Na dare ya rubuta «rabin suma». Ba wanda zai iya cewa majinyaci gaba ya yi ko baya. Wani lokaci jini yana taruwa cikin ƙoƙon kan mutum, ba a farga ba sai lokaci ya wuce.

Awon Gilasgo, 1974

A birnin Gilasgo na ƙasar Birtaniya akwai wani asibiti da ake kai masu raunin kai. Likitoci biyu na can, Graham Teasdale da Bryan Jennett, abin ya dame su. Suka ce: mu daina faɗin abin da muke zato, mu rubuta abin da idonmu ya gani. Suka zaɓi abu uku.

Na ɗaya ido: majinyaci yana buɗe ido da kansa, ko sai an kira shi, ko sai ya ji zafi, ko ba ya buɗewa sam?

Na biyu baki: yana magana daidai, ko yana ruɗewa, ko nishi kawai yake yi, ko shiru?

Na uku motsi: in an ce ya ɗaga hannu yana ɗagawa? In ya ji zafi yana kai hannu wurin?

Suka ba kowace amsa lamba. Suka gwada awon a hannun likitoci da malaman asibiti dabam-dabam, suka ga yawanci lambarsu tana zuwa ɗaya. A 1974 suka buga shi ga duniya. Bayan ƴan shekaru aka ƙara masa mataki ɗaya. Yadda yake yanzu, mai cikakken hayyaci yana da 15. Mafi zurfin suma shi ne 3. Wanda ya sami 8 ko ƙasa da haka, rauninsa mai tsanani ne.

Ku lura da amfanin wannan abu. Malamin asibiti a wani gari zai iya kiran babban likita ta waya ya ce: «Da safe 12 ne, yanzu 9.» Shi ke nan, likita ya gane ciwon ƙaruwa yake yi, ko da bai ga majinyacin ba.

Sai dai awon Gilasgo don manya aka yi shi. Ana tambayar mutum: wane ne kai, ina kake, wane wata muke ciki? Wa zai tambayi ɗan shekara ɗaya wane wata muke ciki? Ko lafiyarsa ƙalau ba zai amsa ba. Yaron ƙauye kuma in ya ga baƙo da farar riga, tsoro kaɗai ya isa ya rufe masa baki. A 1982 likitocin birnin Adelaide na ƙasar Ostareliya suka gyara awon don yara. Amma wanda ya fi dacewa da mu, a nan Afirka aka haife shi.

Awon Balantaya, 1989

Balantaya birni ne a ƙasar Malawi, can kudancin Afirka. Masassara tana kashe yara a can kamar yadda take yi a nan. A babban asibitin birnin, wasu likitoci suka zauna kan yaran da masassara ta sa dogon suma. Cikinsu akwai Malcolm Molyneux mutumin Birtaniya, da Terrie Taylor ƴar Amurka, da Jack Wirima ɗan Malawi. Suka bi yara 131 ɗaya bayan ɗaya. Ashirin daga cikinsu suka rasu. Sauran suka farfaɗo, yawancinsu ba tare da wata naƙasa ba.

Likitocin suka lura da abubuwa biyu masu muhimmanci. Na fari, yaron da sumansa ya fi zurfi shi ya fi shiga haɗari. Na biyu, yara da yawa zaƙin jininsu ne yake faɗuwa ƙasa, wannan kuwa yana ƙara suman. Don haka ne yau in an kai yaro asibiti a sume, ake huda yatsansa a auna sukarin jini tun da wuri.

A 1989 suka buga awon da suka yi aiki da shi. Ana kiransa awon Balantaya. Lambobinsa daga 0 zuwa 5 ne kawai. Duk mai yatsu biyar zai iya riƙe shi. Ku ɗauki alƙalami ku rubuta.

Na ɗaya, ido. Uwa ta kawo fuskarta kusa da yaro, ta matsa dama, ta matsa hagu. In idonsa yana bin fuskarta, a ba shi 1. In ba ya bi, 0.

Na biyu, motsi. Malamin asibiti zai danna farcen yaro, ko ya murza ƙashin ƙirjinsa. In yaro ya kai hannu wurin da ake danna shi yana son turewa, a ba shi 2. In janye hannu kawai ya yi, 1. In bai motsa ba, 0.

Na uku, murya. In ya yi kuka irin na yaron da ya ji zafi, ko ya yi magana, a ba shi 2. In nishi ya yi, ko wani kuka dabam wanda ba irin nasa ba, 1. In shiru ya yi, 0.

A haɗa ukun. Mai 5 yana cikin hayyacinsa. Mai 4 ko 3 hayyacinsa ya ragu. Mai 2 ko ƙasa da haka yana cikin dogon suma. Jariri ɗan ƴan watanni bai iya kai hannu wurin zafi ba tukuna, don haka shi sai malamin asibiti ya duba shi da nasa sanin.

Kun ga abin sha'awa a nan? Kayan aiki na fari a wannan awo fuskar uwa ce. Likitoci sun gane cewa yaro yana iya ƙin kallon baƙo, amma ba ya ƙin kallon uwarsa. Kuma uwa ce ta san kukan ɗanta, ta san na yunwa, ta san na zafi, ta san wanda ba nasa ba. Dama an ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Likitocin Balantaya ba su tsaya nan ba. A 1993 suka nuna cewa in an haska cikin idon yaro, ana iya ganin alamar masassarar da ta taɓa ƙwaƙwalwa. A 2015 suka ba da labarin yara 168 da aka ɗauki hoton cikin kansu da na'ura. Yara 25 suka rasu, kuma 21 daga cikin waɗannan ƙwaƙwalwarsu ta kumbura ƙwarai. Kumburin ne yake danne wurin da ke tafiyar da numfashi. Wannan ya nuna mana dalilin gaggawa. Kumburi ba ya jiran gari ya waye.

Lamba a kan takarda

Bari mu kawo misali. A ce yarinya ce ƴar shekara uku a wani ƙauye na Tarka. Ta kwana biyu da zazzaɓi. Da hantsi ta yi jijjiga. Bayan jijjigar idonta yana bin uwarta, wato 1. An matsa farcenta ta ture hannu, wato 2. Amma nishi kawai take yi, wato 1. Jimla 4. Babanta ya rubuta: «Talata, ƙarfe 10, jijjiga sau ɗaya, lamba 4.» Bai tsaya jira ba, ya ɗaura amalanke.

Da azahar suka isa gidan likita. Malamin asibiti ya auna. Ido ba ya bi, 0. Janye hannu kawai, 1. Nishi, 1. Jimla 2. Ya duba takardar uban, ya ga daga 4 zuwa 2 cikin awa huɗu. Ya yi mata allurar farko, ya rubuta nasa a ƙasan na uban, ya tura su asibitin gunduma nan take.

A asibiti aka ci gaba da magani, ana aunawa dare da rana. Laraba da safe 2. Da yamma 3. Alhamis da asuba ta bi fuskar uwarta da ido, 4. Da rana ta yi kuka ta nemi ruwa, 5. Yawancin yaran da suka warke daga irin wannan suma cikin kwana ɗaya zuwa uku suke dawowa hayyacinsu.

Ku lura: lamba ɗaya ba ta ba da labari. Jerin lambobi ne yake nuna inda aka dosa, kamar yadda sawu ɗaya ba ya nuna inda raƙumi ya nufa. Ku kuma lura: awo ba magani ba ne. Kada kowa ya zauna a gida yana ƙirga. Duk lambar da ta gaza 5, hanya ce ta kama ku.

Ga buguwar kai akwai wani tarko. Yaro yana iya faɗowa, ya tashi, ya yi magana, a ce an auna arziki. Bayan awa biyu ko uku sai ya fara amai, ya fara gyangyaɗi, ya yi wuyar tashi. Wannan alama ce ta jini yana taruwa cikin ƙoƙon kai. Duk yaron da ya bugu a kai, a sa masa ido yini da kwana. In hayyacinsa ya fara raguwa, a tafi da shi, a kuma tallafe kansa da wuyansa kada su lanƙwashe.

Ido a buɗe, baki a rufe

Akwai yaran da sumansu yake daɗewa. Bayan mako biyu ko uku sai su buɗe ido. Suna barci, suna farkawa, amma ba sa kallon kowa, ba sa amsa kome. A 1972 Jennett, wanda muka ambata ɗazu, da wani likitan Amurka mai suna Fred Plum, suka yi bayanin wannan hali: farkawa ba tare da sani ba. Shekaru da yawa ana ganin duk wanda ya shiga wannan hali ba ya jin kome.

Daga baya aka gane ana kuskure. A 1996 likitoci a birnin Landan suka sake duba majinyata 40 da aka ce ba su san kome ba. Suka tarar 17 daga cikinsu suna da sani. Wasu makanta ce ta hana su bin abu da ido. Wasu jikinsu ne ya shanye, ba sa iya ɗaga hannu. A 2002 likitoci suka amince akwai wani mataki a tsakani: mutum yana da ɗan sani, yana zuwa yana tafiya, kamar wutar fitilar da manta ya yi kaɗan.

A 2006, a birnin Kambirij na Ingila, wani masani mai suna Adrian Owen ya sa wata mace ƴar shekara 23 cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Haɗarin mota ta yi, ta yi wata biyar ba ta amsa kowa. Aka ce mata ta raya a ranta tana wasan ƙwallo, sa'an nan ta raya tana zagaya ɗakunan gidansu. Ƙwaƙwalwarta ta amsa daidai da ta mai lafiya. Ashe tana ji.

Waɗannan bincike a kan manya aka fi yin su. Amma darasinsu ya shafi yara, kuma ba ya bukatar na'ura. Ga yadda masu jinya suke neman sanin yaro yau.

Su zaɓi lokacin da ya farka sosai, ba bayan jijjiga ba, ba bayan maganin da ke sa barci ba. Su rage hayaniya, mutum ɗaya ya yi magana. Su kawo madubi gaban fuskarsa su matsa da shi a hankali, don ido ya fi bin madubi. Su kawo abin da ya sani: ƙoƙonsa, abin wasansa, muryar uwarsa ko ta yayarsa. Su ba shi umurni ɗaya mai sauƙi: «Kalli inna.» «Buɗe baki.» Su jira, don amsar tana daɗewa. Su sake gobe, su sake jibi. Gwaji ɗaya ba ya isa.

In yaro ya fara bin umurni, sai a shirya da shi alama. Misali: kallon sama na nufin i, kallon ƙasa na nufin a'a. Sai a gwada da tambayar da aka san amsarta. A faɗi sunansa na gaskiya a ce: «Sunanka ke nan?» A faɗi sunan wansa a sake tambaya. In yana raba su daidai sau da yawa, to ƙofar magana ta buɗe. Daga nan a tambaye shi ƙishirwa, a tambaye shi inda ke masa ciwo.

Ku yi hankali da abu biyu. Kama yatsa ba shaida ba ce, don hannu yana iya damƙewa da kansa. A ce masa «saki», a ga ko zai saki. Na biyu, kada a faɗi maganar fid da rai a kan yaro. Mai yiwuwa yana ji.

Bayan an koma gida

Farfaɗowa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Cikin yara 10 da suka tashi daga masassarar ƙwaƙwalwa, kamar 1 yana barin asibiti da naƙasa a fili: raunin hannu da ƙafa, ko rashin gani, ko rashin magana. Da yawa suna samun sauƙi cikin watanni. Wasu kuma abin ba ya fitowa sai sun shiga makaranta, a ga suna mantuwa ko ba sa zama wuri ɗaya. Wasu farfaɗiya take kama su, ita kuwa tana da magani a asibiti.

Sanƙarau shi kunne ya fi taɓawa. Cikin mutum 5 da suka tsira daga gare shi, kamar 1 yana fita da wata naƙasa, kurumta tana cikin waɗanda suka fi yawa. Yaron da ya daina amsa kira bayan sanƙarau, kada a ce taurin kai ne, kada a ce ya haukace. A tafa hannu a bayansa inda ba ya gani. In bai waiwaya ba, a kai shi a duba kunnensa. Kurma yana da hankalinsa cikakke. Yana koyon maganar hannu, kuma akwai makarantun kurame a Yamai da Maradi da Damagaram.

Abin da ya sake a ƙasarmu

A 1995 sanƙarau ya yi ɓarna ƙwarai a Nijar. A 1996 ya kama mutum kamar 250,000 a Afirka, kamar 25,000 suka rasu. A 2006 gwamnati ta yanke cewa a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. A ƙarshen 2010 aka fara sabuwar allurar rigakafin sanƙarau a Burkina Faso da Mali da Nijar, irin sanƙarau da ya fi ɓarna a da ya kusa ɓacewa. Amma sanƙarau iri-iri ne. Wani irin ya tashi a 2015. Daga Nuwamba 2022 zuwa Janairu 2023 kuma, a nan jihar Damagaram, aka ƙirga mutum 559 da suka kamu, 18 suka rasu. A 2024 aka fara aiki da allurar da ke tare iri biyar a haɗe.

Wajen masassara, a 2010 aka gama wani gwaji a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9. Cikin yara 100 da aka yi wa kinin, kamar 11 suka rasu. Cikin 100 da aka yi wa allurar artesunat, tsakanin 8 da 9. Tun daga nan artesunat ta zama allurar farko. A 2013 aka fara rabon maganin rigakafin masassara na damina a wasu yankunan Nijar, har da Magarya. Ana ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya a wata, kwana uku a jere.

Abin riƙewa

In yaro ya yi jijjiga, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da kome, ko ya yi wuyar tashi, a tafi gidan likita nan da nan, ko da dare ne. A kwantar da shi a gefensa. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, zai shaƙe. Kada a sa masa cokali ko yatsa a baki. Kada a yi masa hayaƙi, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta. A yi masa addu'a ana tafe. Uwa ta bi shi, don ita ce ta san kukansa. Wanda ya iya rubutu ya rubuta lokaci da abin da ya gani: ido, motsi, murya.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna a ajinku. Ta fari: waɗanne abubuwa uku ake dubawa a awon Balantaya? Ta biyu: in yaro ya suma da dare a garinku, amalanken wa ko motar wa za a nema? Ta uku: akwai yaro a garinku da ya daina magana bayan ciwo? An duba kunnensa?

Jama'a, a nan za mu dakata. Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiya sauƙi. In da rai da rabo. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.